Wuƙar Auren Mangwaro

Daga garejin Talbijin muka ɗaga da hantsi,
mu bakwai a Sharon, ni ne a bakin taga,
ƙullin rassan mangwaro a cinyata
cikin jiƙaƙƙen tsumma, kada rana ta sha ruwansu.
Kachiya za ni. Wani mai lambu ya kira
in aurar masa da bishiya arba'in
masu yawan ganye, marasa haihuwar kirki.

Bayan Kujama, ganga biyu da katako mai ƙusa.
"Kowa ya sauko."
Muka jeru a gefen kwalta, hannuwa sama.
Tafin kofur ya bi haƙarƙarina, ya gangara,
ya tsaya cak a aljihun 'yar shara.

Ya zaro ta.
In ta naɗe, ba ta fi ɗan yatsan tsakiya ba.
Ƙotarta ƙahon rago, ta yi sulɓi da gumin mutum biyu:
Baba Maikano shekara talatin, ni goma sha ɗaya.
Ya buɗe ta, ta ce ƙyas,
matar da ke bayana ta jawo ɗanta jikinta.

"Makami a ɓoye, Baba?"
Na ce, "Wuƙar aure ce."
Direba ya tuntsire, har ɗan sandan da ke ƙarƙashin ɗorawa.
Kofur bai yi dariya ba.

Na ce ba ta san jinin kowa ba sai nawa,
ga tabon nan a babban yatsa.
Aikinta ta tsaga ɓawo, ta fere reshe,
ta haɗa baƙo da ɗan gida su zama itace ɗaya.

Ya ce, "Zuciyarka ban gan ta ba, aljihunka na gani.
Da tana cikin jaka, a but, tare da leda da zare,
kayan sana'a ce.
A jikinka, ƙarƙashin riga, inda ido bai kai ba,
sunanta ya canza.
Hanyar nan ta ci mutane
da abin da bai fi wannan tsawo ba."

Ban yi musu ba.
Ni ma na zauna makoki saboda hanyar nan.

Sunansa a ƙirji, Shekari.
Ya rubuta nawa a littafin da ruwa ya taɓa duka.
"In ka dawo, ka tambaya."

Kwana uku a Kachiya da reza 'yar naira hamsin.
Tana lanƙwashewa, tana cin gefe,
yankan da nake yi numfashi ɗaya sai na yi shi sau uku.
Mai lambu yana tsaye yana kallo
kamar an aiko masa da wani, ba ni ba.

Ranar Laraba na sauka da kaina a shingen.
Ga Shekari a benci, yana feren lemo da ita.
Raina ya sosu. Na ce, "Ruwan lemo na cinye mata baki."
Ya goge ta a gwiwar wando, ya naɗe, ya miƙo da hannu biyu.
Ya yi jim, sannan ya ce a gidansu, Zonkwa,
akwai mangwaron da uwarsa ta dasa,
'ya'yansa duk ƙwallo da zare.

Saura reshe biyu a tsumma.
Na karya tsinke, na nuna masa inda ake tsagawa,
yadda ake ɗaurewa kada iska ta shiga tsakani.
Ya gwada, ya ɓata, ya sake.

Na jefa ta jaka, na tura jakar but.
Har muka wuce Maraban Rido
hannuna na komawa aljihu,
kamar harshe da giɓi.