Gurbi Shida

A Aboabo, bayan tashar turoturo,
inda nake gyaran waya kan teburin katako,
akwai littafin rasit da na juya bayansa
na rubuta sunayen dodannina.
Gurbi shida ne, ba bakwai ba.
Wanda ya tsara wasan nan bai san tausayi ba.

Da fari duk masu wuta na zuba,
masu haƙori, masu ƙaho, masu tsawa a baki.
Na ce wanda ya riga bugu shi ke da fili.
Wata uku ina cinye yaran layinmu
har Mubariku ya daina gaishe ni.

Sai wata Asabar, a shagon Kwabena na Adum,
fanka na kuka, ruwan leda ya yi ɗumi,
aka haɗa ni da Zulaihatu,
'yar aji biyu, da tabon tawada a hannun riga.
Ta fito da wani kunkuru mai gansakuka a baya,
ba ya gudu, ba ya cizo,
zama kawai ya yi kamar mai bin bashi.
Na buga, ya shanye. Na ƙara, ya warke.
Ta ɗiga mini guba kaɗan-kaɗan,
ta watsa ƙaya a bakin ƙofata,
duk wanda na turo sai ya taka.
Shida suka zube ɗaya bayan ɗaya,
ita ko ɗago kai ba ta yi ba.
Da ta gama ta ce, "Baba, kada ka ji haushi."
Baba! Ni da ko lefe ban fara tarawa ba.

Cunkoson Kejetia ya ba ni lokaci
na ƙirga kunyata da kyau.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Inna Sakina na tuƙa tuwon zafi da hasken waya,
na ba ta labari, ban zaci za ta gane ba.
Ta ce, "Miyar da duk barkono ce,
wa ka taɓa gani ya nemi ƙari?
Ayoyo ke jan loma, kanwa ke riƙe yauƙi.
Gishiri ba a ganin sa,
amma cire shi ka gani."

Na buɗe littafin rasit.
Ina son mai tsayawa ya sha duka,
da mai share ƙaya,
da mai saurin rufe wasa in kowa ya gaji,
da wanda aikinsa kawai ya shiga ya fita
don ɗan'uwansa ya sami ƙofa.
Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Bakwai.

Na bakwai shi ne Ɗan Toka.
Tun yana ƙwai muke tare,
a tsohuwar wayar yayana Tahiru
kafin ya tafi Takoradi aikin jirgi.
Ba shi da sauri, yayyafi ma kayar da shi yake.
Lissafi ya ce ya sauka.
Na ɗora yatsa a kan sunansa
har batir ya koma kashi huɗu,
sannan na sauke shi.

Mako biyu ina gwaji tsakanin kwastomomi,
ina canza makami, ina rage nan, ina ƙara can.
Na koma Adum da sidi goma na shiga.
Ta sake cinye ni,
amma da dodo ɗaya, shi ma yana tangaɗi.

Wannan karon ta ɗago kai.
Ta ce, "Ina baƙin nan naka mai toka?
Rannan shi kaɗai na ji tsoro.
Ba ka san lokacin fito da shi ba ne."

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare.
Na yage shafin, na rubuta sunansa a sama.
Biyar nake nema
da za su iya riƙe masa lema.