Miksa Mai Fam Talatin da Biyar

Fam talatin da biyar na ba wani yaro
a bakin tashar bas ta Bradford.
Ya miƙo min ita cikin ledar burodi,
ya ce kafa ta uku ba ta kawowa,
sauran garau, har da rantsuwa.

Tanimu ya juya ta, ya yi tsaki,
shi da ya yi shekara tara a gidan rediyo
kafin ya koma tuƙa tasi da dare.
Ya ce, "Araha ba ta ado.
Ƙugi za ta yi maka kamar cikin mai azumi.
Tara kuɗi ka sayi ta kirki."
Na ce to.
Amma bizar Gwaggo Tasalla wata shida ce,
huɗu sun riga sun tafi.

Ɗakin ɗaukar maganata lungu ne ƙarƙashin matakala,
tsakanin rigunan sanyi da mitar wuta.
Na rataya bargo a ƙofa,
na ɗaure makirfo jikin sandar goge ƙasa.
Gwaggo ta leƙo ta ce,
"Nan za ka sa ni, kamar kaza mai kwanci?"
Ta shiga dai.

Garinsu ruwan dam ya shanye tun ban zo duniya ba.
Ita kaɗai ta rage mai iya bin sa gida-gida:
daga maƙera a gangara,
gidan Jatau mai kunne ɗaya,
rijiyar da ruwanta ke kashe kumfar sabulu,
tsamiyar da ake rataye guga.

Miksa kuwa ba ta da zaɓi, kowa nata ne.
Ta ɗauki Gwaggo, ta ɗauki firji,
ta ɗauki tukunyar ɗumama gida tana gyaran murya,
da karen maƙwabciya, da bas ɗin ƙarshe.
Ƙarƙashin duka, ga ƙugin nan da Tanimu ya faɗa,
siriri, ba ya gajiya,
kamar sauro ya sami aikin albashi.

Daren Laraba ta ci amanata.
Koren fitila yana ta rawa, ni ina ta gyaɗa kai,
ashe waya ta saki daga baya.
Minti ashirin da biyu, babu komai,
daidai inda ta shiga ɗakin mahaifiyarta.

Na ce, Gwaggo, a sake.
Ta ce, "Magana zarar bunu ce, ɗan nan."
Ta sake ɗin washegari,
sai dai tsamiya ta koma gabas,
ƙofar ɗakin ta canza fuska,
kuma ba ta yi kukan da ta yi jiya ba.

Na naɗe wayar da salatif.
Tun ranar ba na yarda da fitila,
sai na ji da kunnena.

Ta koma gida a watan Maris.
Tanimu ya karɓi faifan ya wanke a kwamfuta,
ya dawo da shi tas, ba ƙugi, ba firji,
ba kuma numfashin da take ja
kafin ta ambaci sunan mamaci.
Muryar ta tsaya ita kaɗai
kamar mutum a ɗakin jiran asibiti.

Na ce ya mayar min da dattina.

Jiya wani a masallaci ya tambaye ni
ko irin waɗannan masu arha abin dogaro ne.
Na ce ta cinye min ɗaki guda,
ta ajiye min gida arba'in da ɗaya.
Ya ce, "To in saya ko kar in saya?"

Na ce, wa za ka ɗauka,
kuma wata nawa ya rage masa?