Dala Arba'in a Ƙugu

Ni tela ce, ɗinki ne ya kai ni.
Ashta ta shigo shagona a Ardeb Jumal
da ƙyalle ja da hoto a waya,
wai ɗamara take so mai magana,
irin ta matan Alƙahira.
Na zaga Kasuwar Gero har ƙafa ta yi nauyi,
babu mai 'yan ƙarafan nan.
Sai na juye gwangwanin madara,
tsofaffin dala-dala da ko magi ba sa saye,
maƙeri ya huda su yana tambaya,
na bar shi da tambayarsa.
Arba'in na jera.

Ranar Alhamis na kai aikin,
bayan la'asar, saman kantin magani.
Niyyata in karɓi kuɗina in juya.
Bana damina ta uku ke nan ban juya ba.

Mu sha ɗaya ne in kowa ta zo.
Falmata mai turaren wuta,
Ronel da ke taho da warin asibiti a hannu,
Dudu da ke tsallako gada daga Kusiri
ido ɗaya a madubi, ɗaya a agogo,
kada a rufe iyaka tana tsakar juyi.
Mayafai a ƙusa.
Labule biyu a taga ɗaya, saboda titi yana da baki.

Ashta jinyar uwarta ta kai ta Masar,
uwar ba ta dawo ba, rawar ta biyo ta gida.
Ta ce malamarta can takan girgiza kai:
“Ƙugunki kamar Larabcinki yake,
ana ganewa, amma da jin sa ba na nan ba ne.”
A waya kuma wata Baturiya mai idon mage
na rantsuwa tata ce ta asali,
a biya a gani.

Rannan Goggo Tasalla ta biyo ni
ta ga abin da ke cinye mini Alhamis.
Ta zauna, ta ɓare goro, ta kalle mu tsaf.
“Wannan kuke biya ku koya?
Mu jigida ce ta koya mana, kyauta,
daren suna, in maza sun yi nisa.”
Ta miƙe da ƙyar, hannu a bango,
ta karya ƙugu sau ɗaya, hagu,
ɗakin ya yi tsit.
Ashta ta ce, “Goggo, sake.”
Ta ce, “Ba a sakewa. Tafiya take.”

To ta wa ce?
Na kwana ina warware zancen kamar ɗinkin da ya karkace.
A bayan garin nan Logon ke shiga Shari;
ɗebi ƙwarya guda, ka ware mini ruwan kowa.
Amma ban yarda duka ɗaya ba ne.
Ta Goggo ƙasa take nema,
ta Ashta kamar za ta tashi,
tawa kuwa gwiwa ce ke yanke mata hukunci.

Makon jiya aka ɗauke wuta tsakiyar kiɗa.
Fanka ta tsaya, kiɗan ya mutu,
ba wadda ta tsaya.
A duhun nan Ronel ta sassauta zaninta,
tabon aikin haihuwa ya sha iska,
na ji tana dariya ƙasa-ƙasa.
Falmata na ƙirga da Barbarci,
Dudu da Fulatanci,
ni ban ƙirga da komai ba,
ina sauraren dalolin da na huda
suna faɗa wa juna abin da kasuwa ta ƙi ji.

Ɗaya ta tsinke, ta gangara ƙarƙashin benci.
Gobe zan zo da allura.