Talotalon Epe

Su goma sha ɗaya suka tsere daga keji
daren da iska ta yaye kwanon rufi.
Damina biyu ke nan. Yanzu sun haura arba'in,
sun manta ɗanɗanon dusa, sun koyi fara da gara.

Da magariba suke hawa tsohon mangwaron bayan garke,
ɗaya bayan ɗaya, da nishi,
kamar buhunan garin rogo da aka ɗinka wa fukafukai.
Reshe na ƙara, kashi na ɗiga a tozon bijimai.

Baba Oyewole ya zo daga Ikeja,
ya ce Kirsimeti ta matso, kowane kuɗin tunkiya ne.
Ya miƙo min bindiga da harsashi shida.

Tun kafin assalatu nake kwance a ciyawa,
sauron bakin ruwa na shan wuyana.
Babban namijin ya diro, ya baza wutsiya,
leɓensa ja wur kamar tattasai,
ya dube ni da ido ɗaya.

Ni ma tserowa na yi, daga shagon kawuna a Gumel.
Amma albashi albashi ne.

Na harba. Ganye ya zubo.
Gashinsa guda na cikin hulata,
saura harsashi biyar.