Daren da Na Sabunta Na'ura a Maiwurno

Daren Talata na danna mata amincewa.
Ta ce minti ashirin, ta cinye sa'a huɗu.
Sau biyu wuta ta ɗauke a tsakani,
ni kuwa ina tsugune kamar mai gadin tukunya,
ina kallon sittin da bakwai cikin ɗari
ya ƙi gaba, ya ƙi baya,
har ladanin bakin kasuwa ya yi kiran farko.

Da ta buɗe ido, wallahi ta yi kyau.
Fuska fes, tagogi masu lanƙwasassun kusurwa,
ta gaishe ni da sunana kamar mun yi makaranta tare.
Na ce, madalla.
Na manta da kyan ɗan maciji.

Hantsi bai yi ba sai ga Baffa Gidado
da takardar haƙƙin gonarsa ta bakin Nilu,
yana son kwafi uku kafin motar Sinnar ta tashi.
Na danna. Shiru.
Firintar da muka yi shekara shida muna cin abinci tare,
yau na'ura ta ce ba ta san ta ba.
Na zare waya, na hura, na mayar,
na kashe, na kunna, na yi a'uziyya.
Baffa ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu,
ya ce, "Yaro, da tsohuwar zuma ake magani,"
ya tsallaka shagon Usama.

Wa ya kwashe mini kayan ɗaki?
Jakar rasit da take hagu ta koma ƙarƙashin wata jaka,
maɓallin kashewa ya yi ƙaura bai yi sallama ba.
Yatsana na zuwa inda ya saba
ya tarar da fili,
kamar harshe mai neman haƙorin da aka cire.
In fara layi da Larabci daga dama,
lamba ta yi tsalle ta faɗa hagu.
Ta tambaye ni kalmar sirri sau tara,
ni mai gida.

Duk wannan da sauƙi.
Akwai muryar Kaka Dije a ciki,
sa'a goma sha ɗaya da na naɗa kafin ta rasu,
tana ba da labarin yadda iyayenta suka tako daga yamma,
rijiya bayan rijiya,
da niyyar Makka, kogi ya riƙe su.
Kullum bayan isha nakan rubuta kaɗan.
Jiya na zo rubuta ƙasa, babu ƙugiya a kan ka.
Na nemi ɗa, ta ba ni da.
Ɓata ta zama bata.
Kowace kalmar Kaka an ja mata jan layi a ƙasa,
wai kuskure ce.

Na fita. Sa'adiyya mai shayi ta zuba mini gahawa da citta,
ta ce, "Gudun gara ka yi, ka faɗa gidan zago?"
Na ce, sabo ne.
Ta ce, "Turken wawa,"
ta juya tana fifita gawayi.

Ƙanwata Nafisatu, 'yar aji biyu,
ita ta tono haruffan da la'asar,
can ƙarƙashin saiti, bayan ƙofa bakwai,
an ajiye Hausa tsakanin harsunan da ban taɓa ji ba.
Ta danna, ƙugiya ta tsiro.
Ta karɓi ladanta, kuɗin askirim.

Firinta dai har yanzu suna gaba.
Jan layin ma yana nan,
amma na gano ana iya koya mata:
kalma ɗaya, danna dama, ƙara a ƙamus.
Yau na koya mata ƙishirwa,
na koya mata zango, da guzuri, da ɗan'uwa.
Saura sa'a bakwai na muryar Kaka.
Wuta ta sake ɗaukewa.