Bakin Haya

Shekara tara ina dafa sha'ir a El Bolson,
gindin dutsen da ƙanƙara ba ta sauka daga kansa.
Tukunya uku, ganga arba'in, da ni, da Nelida ƙanwata,
mai riƙon littafin lissafi kamar ta kama wuyan ɓarawo.
Ranar da giya ta nuna, hancina ke fara sani.
Amma a tsayar da ni gaban mai mashaya in yanka farashi,
sai harshena ya naɗe kamar tabarmar baƙon da aka sallama.

Nelida ta ce, "Evaristo, kaya ba ya tallan kansa.
Ganga goma sha ɗaya na kwance a sanyi tun watan jiya.
Tunda naka ya ƙi, ɗauki baki haya."
Na ce, da wane kuɗin?
Ta juyo littafin, ta ɗora yatsa a kan layi guda:
asusun sabuwar tukunyar da nake tari tun bara.
Na yi shiru.
Ta rubuta cewa na yarda.

Mutum huɗu suka zo.
Na farko da kwat da takalmi mai ɗaukar ido,
ya sayar da taya, ya sayar da inshora,
ya ce kaya duk kaya ne, ko ƙusa ko turare.
Na tsiyaya masa, ya ajiye bai ko sansana ba.
Na biyu ya shanye uku kafin mu kai ga batun albashi.
Na uku ɗan abokina ne,
har yau uban bai amsa gaisuwata ba.

Ta huɗu ta makara, da taɓo a ƙafar wandonta.
Dalmira. Shekara goma sha biyu tana raba cuku
a tsohuwar mota, daga nan har Esquel.
Ba ta yabi bango ba, ba ta yabi tukunya ba.
Ta ce, "Su wa kuke bi bashi?"
Nelida ta karanto. Ta yi dariya a suna na uku:
"Wannan sai Talata da safe, lokacin matarsa ce a kanta."
Sannan ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta dubi rufi.
Ta ce baƙar ta yi.
Farar kuwa ta cika ɗaci ga baƙin da ke zuwa kallon tafki.
Farar da na yi shekara uku ina lallashi!
Jini ya hau mini ka.
Ƙanwata ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Albashi kowane ƙarshen wata, an sayar ko ba a sayar ba,
man mota, kamasho, har da Yuli
in ƙanƙara ta rufe hanya, kujerun mashaya suka hau tebur.
Ni da ban taɓa biyan kowa ba sai kaina,
shi ma kan nawa yakan yi haƙuri.
Amma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba.
Wata za ta shiga inda ban taɓa shiga ba,
ta ba da labarin abin da na dafa da kalmomin da ba nawa ba,
a ce mata a'a, ta sake komawa.

Litinin ta zo kafin in buɗe ƙofa.
Ta mirgina ganga shida cikin mota, ta ƙi in kama mata.
Huɗu baƙa, biyu fara.
Na miƙa makulli, hannuna ya ɗan daɗe bai saki ba.
Ta ce, "Sai Alhamis."

Na tsaya har ƙarar injin ta ɓace a bayan gada.
Na koma gaban tukunya, ruwa ya fara tafasa.
Na auna furen ɗaci kamar kullum,
na waiwaya, Nelida na kan lissafi,
na debe cikin tafi guda na mayar buhu.