Jirgi Bisa Kwalta

Tun a ƙofar mai walda muka fara musu.
Na ce a bar shi tsirara, iska ta bi ta kansa ta wuce.
Arzika ya ce, "A'a. Ido guba na.
Jirgin da bai sha ruwa ba
ba a gwada ma kowa cikinai."

Kuɗin ba nawa ba ne, na mutanen garinsu ne,
na albasa, na tafarnuwa,
da na wata tsohuwa da ta sayar da tunkiya
ta ce a rubuta sunanta a sama.
Sai na yi shiru, na miƙa wa Nomau igiya.
Shuɗin tamfol, ƙulli goma sha ɗaya,
na sha biyu muka cike da tsohuwar roba.

Da hantsi muka bar Sakkwato,
akori-kura na tari,
tirela na biye da ita
kamar saniyar da ba ta yarda da mai ja ba.

A arba'in tamfol barci yake.
A sittin ya soma magana, fat, fat, fat,
kamar mai sheƙa dawa a bayan kunnena.
A saba'in ya cika ciki, ya tashi tsaye,
na ji sitiyari ya yi nauyi,
na ji abin da ke bayana
yana so ya tafi inda ban nufa ba.
Na ɗage ƙafa.

Wata mai siminti ta wuce mu da gudu,
iskarta ta mare mu,
ƙulli na bakwai ya ce ga garinku.
Muka tsaya gindin dogon yaro.
Nomau ya ɗaure da hannu, ya ƙara da haƙori.
Wani mai rake ya hango dogon abu a lulluɓe,
ya aje wuƙa, ya yi salati,
ya ce Allah ya jiƙan musulmi.
Ba mu gyara masa ba. Addu'a ba ta yin yawa.

Kafin Achida, shinge.
"Mi kaɗ ɗauko?"
"Jirgi na, yallaɓai."
Ya ɗaga gefen tamfol da bakin sanda:
filafili biyu, gwangwanin kwarfe ruwa,
da takalmin Nomau ƙafa ɗaya.
Ya dubi kwalta, ya dubi fako, ya ce, "To ina ruwan?"
Arzika ya ce, "Ina ruwanka?"
Zuciyata ta faɗi.
Sai mai sanda ya tuntsire da dariya
har ya manta da na goro.

Shekara arba'in Arzika na bisa gulbi,
ya tsamo shanu, ya tsamo mutane,
ba a taɓa ganin hannunsa na rawa ba.
Yau ga shi kusa da ni, gumi har gemu,
wuya a karkace, ido a baya,
duk ramin da na faɗa
shi ke cewa wash a madadin jirgi.

La'asar ta same mu Goronyo.
Aka kwance, aka yaye.
Inda tamfol ya yini yana bugu
fenti ya goge, tsawon taƙi guda,
ƙarfe na leƙowa fari tas.
Na buɗe baki in ce ai na faɗa.
Ya shafa wurin da babban yatsa,
ya ce, "Madalla. Tudu ya amshi rabonai.
Ruwa ba shi da sauran abin biɗa."

Ban tsaya ganin turawa ba, dare na tafe.
Na juyo da tirela wayam, tana tsalle kamar ɗan akuya,
tamfol a ninke inda tsohon ya zauna.
Har na wuce mararrabar Wurno
ina tafiya a arba'in,
ina duba madubi.